Ruwan Zafin Viggo

A duk sansanin hutun nan na bakin ruwan Limfjord babu wanda bai san Viggo Thomassen ba, ko ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa. Shekara ashirin da shida ke nan shi da matarsa Bodil suna da karaban a layi na huɗu, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, sai dai nasu tun ranar da aka ajiye shi bai sake ganin kwalta ba. Da an shiga watan Afrilu suke tarewa, ba sa komawa gidansu na Herning sai sanyi ya kore su.

A jirgin fito Viggo ya yi aiki har ya yi ritaya. Aikinsa huda tikiti ne a bakin ƙofa, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya ƙera jirgin. Yakan ce ya san tukunyar injin kamar yunwar cikinsa, kuma da kunne kaɗai yake gane bututun da zai fashe jibi. Mutane sukan gyaɗa kai su ƙara masa kofi, don musu da Viggo sai mai dogon numfashi.

A bana abin ya zo da sauyi. An yi wa Bodil aiki an sa mata sabon kwatangwalo, ga shi banɗakin jama'a mai ruwan zafi yana can saman tudu, sai mutum ya yi hawa mai kyau da tawul a kafaɗa. Ta yi sati biyu tana hawan da sanda. A rana ta sha biyar ta dawo ta zauna, ta gaya wa Viggo ba tare da faɗa ba cewa ƙafarta ta gaza. In babu ruwan zafi a cikin karaban, to a sayar da shi, su riƙa hutunsu a bene wurin yayarta a Aarhus.

Viggo ya ji kamar an ce za a binne shi da rai. Yayar Bodil ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zance, shi kuwa a zance yake rayuwa.

Maƙwabcinsu Ejner, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa, ya ba da shawara a sayo ɗan ƙaramin hita na lita goma irin wanda kowa ke sawa a ƙarƙashin kujera, shi zai ɗaura musu kafin a sha kofin rana.

“Lita goma?” in ji Viggo. “Ejner, matata zan yi wa wanka ko agwagwa?”

“Ai ni na ɗauka ita za ta yi wa kanta.”

“Ka bar wannan a hannun masu shi. Mutumin da ya dafa ruwa a tsakiyar teku ba zai tsaya aron hannu a kan tudu ba.”

Ejner ya ce shi dai a saninsa fiton nan minti goma ne, kuma daga wannan gaɓa ana hango waccan. Viggo ya yi kamar iska ta ɗauke maganar.

Washegari ya kama hanya zuwa wurin wani ɗan uwansa manomi da ya sayar da shanunsa, ya dawo da rana tsaka a motar ɗaukar kaya. A bayanta an ɗaure wani tankin ƙarfe da ya fi shi tsawo, mai cin lita ɗari uku, wanda a da ake dafa ruwan wanke injin tatsar nono da shi. Kyauta aka ba shi. Tun kafin a sauke shi ƙarnin tsohon nono ya gama layin, kyanwowin sansanin suka fara hallara ɗaya bayan ɗaya kamar an aika musu goron gayyata.

Bodil na ciki tana yanka burodi. Ta leƙo ta taga ta dubi tankin, ta dubi ƙofa, ta tambaye shi ko ya auna. Ya ce idonsa ma'auni ne.

Tankin ya ƙi shiga. Viggo ya kwance ƙyauren ya jingine a jikin shinge, tankin ya ƙi. Ya cire katakon gefen ƙofar, saura yatsa biyu. Sai ya ce Bodil ta miƙo masa man shanu. Ya shafe tankin tun daga wuya har gindi da man da ta saya don sati guda, ya tattaro maza huɗu daga layi na biyar, aka ɗauka a kwance aka cusa. Ya shige sumul har rabi, daga nan ya tsaya. Aka tura, shiru. Aka ja, shiru. Rabinsa na ciki, rabinsa na waje, Bodil kuma na ciki, babu ƙofa.

Haka ta wuni a tsare. Ta taga ta riƙa miƙo wa mazan kofi, ta taga matan layin suka zo yi mata jaje, wata ma har da furanni. Karen wani baƙo Bajamushe ya samu abin yi, ya lashe rabin tankin da ke waje tas. Viggo yana zagayawa yana bayani cewa ƙarfe yakan kumbura da rana, da la'asar zai saki, abin da duk injiniya ya sani ne.

Da la'asar ɗin Ejner ya ƙetaro shinge, ya kwance wani ɗan famfo da ya toko a gefen tankin ya maƙale a bango, ya sa kafaɗa sau ɗaya. Tankin ya faɗa ciki ya murƙushe teburin cin abinci.

“Ka gani,” in ji Viggo. “Ya saki.”

Wurin ajiye shi ya zama wani aikin. Babu inda ya ɗauke shi sai can ƙarshen karaban ta baya, inda doguwar kujera take. Viggo ya fitar da kujerar, ya tsayar da tankin, kansa ya daki rufi, sai ya huda rufin ya kifa tsohuwar tukunyar miya a kan hujin saboda ruwan sama. Tankin ya riƙa rangaji. Ya fita neman abin tokare shi, idonsa ya faɗa kan wasu guntayen katako huɗu masu kyau da ke maƙale a gindin tayoyin karaban ɗin ba sa aikin komai. Ya zaro su ya tokare tankin, ya tsaya cif.

Sai batun wuta. Ranar Laraba da hantsi ya jona wayar tankin a sandar lantarkin da ke gaban filinsu. Aka ji ɗas, rediyon Ejner ya yi shiru a tsakiyar labaran yanayi, firij ɗin layi na huɗu da na biyar duk suka mutu. Viggo ya je ya ɗaga fis ɗin wutar, ya sake jonawa. Wannan karon har shagon sansanin abin ya taɓa, ƙanƙarar da yara ke sha ta fara narkewa.

Ba a jima ba sai ga Thyra a kan kekenta. Ita ce mai kula da sansanin, mace gajera mai tarin makullai a ƙugu, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba kuma ba a taɓa ganin ta janye magana ba. Ta leƙa ciki ta daɗe tana kallon tankin.

“Viggo, shanu nawa za ka kawo?”

“Gyara ne na zamani, Thyra. Wutarku ce ba ta da ƙarfi.”

“Shekara talatin tana ɗaukar kowa.”

“Ba ta taɓa haɗuwa da injiniya ba ne.”

“Har yanzu ma ba ta haɗu da shi ba.”

Ta gaya masa in wuta ta sake ɗaukewa saboda shi, filinsa akwai iyali goma sha ɗaya da ke layin jiransa. Viggo ya san wannan ba wasa ba ne. Bayan ta tafi ya cire biyu daga cikin ƙarafa uku masu dafa ruwan, ya bar ɗaya, ya sanar da duk mai wucewa cewa shi da ma dahuwar sannu ya fi so, ruwan ya fi laushi a jiki.

Bututu ya ci masa kwana biyu. Yana ƙarƙashin karaban a kwance rigingine, ƙafafunsa kawai ake gani, amma muryar na fita lafiya lau. Hujin farko da ya yi a daɓe ya ɓullo cikin akwatin takalman Bodil, na biyu ya samu daidai. Wata ƙafar ƙarfe da ke tallafe da karaban ta baya ta tare wa bututun hanya, ya kwance ta. 'Yar uwarta ta ɗaya gefen ta zama ba ta da abokiyar zama, ya ce ido ba ya son abu a karkace, ita ma ya kwance ta. Ya saki birki don ya ɗan gusa da karaban taku ɗaya ya samu wurin juya sifana, ya gusa, ya ci gaba da aikinsa.

Ejner ya leƙo ta shinge ya tambaye shi ina ƙafafun baya. Viggo ya ce ado ne kawai masu kamfani ke sawa don su tsorata mata. Ejner ya fara cewa ruwa fa yana da nauyi, Viggo ya tare shi da cewa jirgi ma ruwa ne ke ɗauke da shi, ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ejner ya tsaya yana neman inda maganar ta haɗu, bai samu ba, ya koma wurin tumatirinsa.

Ranar Juma'a aka yi gwaji da ruwa kaɗan, kwatan tanki. Famfon wanke kwano ya kawo ruwa mai sanyi kamar na rijiya. Shawa ma haka. Viggo na cikin shafa gemu sai Bodil ta fito daga ɗan banɗakinsu da sauri fiye da yadda likita ya yarda mata, tururi na biye da ita. Ashe duk ruwan zafin masai ya tafi. Ta gaya masa abin da ta gaya masa, a hankali, don kada maƙwabta su ji, amma tururin da ke fita ta taga ya riga ya ba da labari. Kafin yamma yaran sansanin sun raɗa wa karaban ɗin suna Tukunyar Dambu.

Viggo ya ce a manyan otal-otal sai mutum ya yi sa'a yake samun irin wannan. Duk da haka ya koma ƙasa ya sauya bututun, jan bututu ya koma inda shuɗi yake. Da ya fito ya taɓa famfo, ruwa ya zo da ɗumi. Ya tsaya ya sa hannu a ƙarƙashinsa ya daɗe, shi kansa bai zaci haka ba.

Daga nan kai ya kumbura. Ya rubuta sanarwa ya manna a ƙofar shago cewa ranar Lahadi da ƙarfe uku za a buɗe sabon tsarin ruwan zafi na Thomassen, akwai kofi da kek. Bodil ta roƙe shi a yi abin nan shiru, ya ce alheri ba a ɓoye shi. Tun ranar Asabar ya jona tiyo ya cika tankin har wuya, ya bar shi yana dahuwar sannu. Karaban ɗin ya ɗan yi ƙara sau biyu, ya ce ƙarfe ne ke sabawa da ƙarfe.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. Viggo ya ɗaga tuta a sandar da ya ɗaure jikin rumfar gaban karaban, ya jera kujeru. Mutum ya fi arba'in, don labarin masai ya zaga ko'ina, kowa na son ganin ƙarshen abin. Thyra ta zo ta tsaya a baya riƙe da kekenta. Viggo ya yi jawabi mai tsawo, ya taɓo guguwar da ya taɓa ceton jirgi daga cikinta, ya ce wasu sun so a sa wa matarsa abin wankan agwagwa amma shi bai zo duniya don ƙananan abubuwa ba. Sannan ya miƙa wa Bodil sabon tawul ya ce ita za ta buɗe.

“Mai girki shi ke fara ɗanɗanawa,” in ji Bodil. Ta gyara zama a kujerarta a kan ciyawa, ta ɗauki kek.

Aka yi dariya. Viggo ya cire riga, ya saura daga shi sai gajeren wandon iyo mai ratsin ja, ya ɗaga wa jama'a hannu ya shige. Shawar tana can baya, kusa da tankin. Ya ja labule ya murɗa famfo.

Ruwa ya sauko masa da zafi daidai jiki. Yana ɗan ƙarnin nono, amma ruwan zafi ne na gaske. Viggo ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ƙafa. Ya cika kansa da sabulu, ya rufe ido, ya kama waƙa da ƙarfi don na waje su ji.

Na waje kuwa ba waƙar suke saurare ba. Suna kallon hancin karaban yana tashi sama sannu a hankali, kamar doki zai yi tsaye. Ya tashi har bayan ya kusa taɓa ƙasa, ya tsaya jim kaɗan kamar mai shawara, sannan tayoyin da suka shekara ashirin da shida suna hutu suka juya. Karaban ya fara tafiya da baya, ya nufi gangare. Wayar wuta ta fizge daga sanda. Tiyo ya tsinke ya shiga watsa wa baƙi ruwa. Rumfa ta bi, tuta na kaɗawa a samanta, tebur ɗin kek ya bi rumfa. Ejner ya jefar da kofinsa ya bi da gudu yana neman hannun birki, amma hannun na can sama inda sai da tsani.

A ciki Viggo ya ji ƙasa na lilo. Sabulu ya rufe masa ido, ya ɗauka daɗin ruwan ne ya sa shi jiri, ya dafa bango ya ƙara murya. Ya ji ana kiran sunansa ta ko'ina, ya ɗauka tafi ake yi masa. Karaban ya ratsa tsakanin layi na uku da na biyu, ya kwashe igiyar shanyar wasu 'yan Holland da duk abin da ke kanta, ya wuce wani dattijo da ke barci a kujera bai ko farka ba, ya samu gangaren siminti da ake sauke kwale-kwale, ya bi shi tiryan-tiryan kamar an koya masa.

Sai Viggo ya ji ruwan da ke zuba a kansa na da zafi, wanda ke hawowa ƙafarsa kuma na da sanyi. Ya yi tunanin ko bututun ne ya sake rikicewa. Ya laluba ya wanke ido ɗaya, ya tura 'yar taga. Agwagwa biyu na kallonsa. Bayansu ruwa ne shimfiɗe har wancan ƙetare.

Karaban ya tsaya a inda ruwa ya kai ƙugu, yana ɗan rausaya. Rausayar ce ta gama da shi. Mutumin da ya ceci jirgi daga guguwa ya leƙo da kai ta taga, kumfa har kunne, ya amayar da kek ɗin da ya ci a gaban mutum arba'in.

Ejner ya shigo ruwan da wandonsa ya tsaya a gindin tagar.

“Injiniya, a saki anga jirgin ya tsaya ko za a ƙarasa ƙetare?”

Viggo ya goge baki. “Ka shaida dai ruwan ya yi zafi.”

“Na shaida. Ga tururi nan har yanzu.”

“To shi ke nan. Sauran ƙananan gyare-gyare ne.”

Yana faɗin haka ya hango Bodil a bakin ruwa. Ta sauko duk gangaren nan, sandarta ma ba ta hannunta, takalminta ɗaya ya jiƙe. Ba ta cikin masu dariya. Fuskarta ta yi fari fat, tana dafe da kafaɗar Thyra tana neman kansa a tagar. Viggo ya buɗe baki zai yi bayanin abin da ya faru ta fuskar injiniya, ya ga bakin ya ƙi. Ya ɗaga mata hannu kawai. Sai ta ce wa Ejner ya miƙa masa wani abu ya rufa, ya tsufa da tsayuwa a iska. Ejner ya ciro wata rigar barcin 'yan Holland daga igiyar da ke rataye a rumfa ya miƙa masa. A cikinta ya fito, mai furanni, iya gwiwa.

Tarakta ce ta jawo karaban kafin rana ta faɗi. Da aka tsayar da shi ruwa ya yi ta kwarara ta inda ƙofa take a da, har da wani ɗan kifi. Thyra ta yanke hukunci a tsaye a wurin: za su ci gaba da zama a filinsu saboda Bodil, amma akwatin kayan aikin Viggo zai koma ofishinta, ko sukundireba yake so sai ya zo da matarsa ta sa baki. Tankin kuwa Ejner ya yanka shi gida uku kafin a iya fitar da shi. Ya ce zai ɗaura musu ƙaramin hitan, amma sai daɓen ya bushe an sake wayoyi, abin da zai kai baɗi.

Bodil ba ta sake ta da zancen Aarhus ba, Viggo kuma bai tambaya ba. Abin da aka gani shi ne kowace safiya yana dafa buta uku a kan gas, ya juye a bokiti, ya surka, ya gwada da gwiwar hannu, ya kai mata. Ranar wanke gashi sai ta zauna a kujera a gaban karaban ta sunkuyar da kai, shi yana zuba mata da kofi kaɗan kaɗan, yana gaya wa duk mai wucewa cewa wannan tsohon tsari ne na jiragen ruwa, wanda ba a taɓa jin ya lalace ba.

Wata safiya wasu sababbin zuwa, mata da miji da suka sayi karaban a layi na biyu, suka tsaya gaishe su. Matar ta ce suna neman shawara a kan ruwan zafi, an ce musu nan za su tambaya, ta ce wane irin hita suke amfani da shi. Viggo ya ajiye kofi ya gyara tsayuwa ya ja numfashi. Bodil ta riga shi, kanta na sunkuye, ruwa na ɗiga daga gashinta.

“Tsohon yayi ne, 'yar nan, ba a yin irinsa yanzu. Ba ya jan wuta, ruwansa daidai jiki. Aibinsa ɗaya, ƙara. Viggo, zuba, sabulu na shiga mini ido.”